Ƙasar Gure a Takardun 'Yan Mishan

A shekarar 1854 aka buga wani ƙaton littafi a Landan, sunansa Polyglotta Africana. Jerin kalmomi ne kusan 300, kowace an kawo ta a harsunan Afirka fiye da 100, layi bisa layi, yadda mai karatu zai ga abin da wannan al'umma ke ce wa ruwa da abin da waccan ke ce wa wuta. A sashen harsunan Barno, daf da Barbarcin birni, akwai layi guda mai suna Muniyo. Muniyo kuwa ita ce ƙasar da Gure ke shugabanta, wadda Kutus da Alakos ke arewa da ita. Mutumin da ya haɗa littafin, Sigismund Koelle, bai taɓa sa ƙafa a Muniyo ba. Bajamushe ne, limamin Kirista, malami a kwalejin Fourah Bay da ke Firitawun a ƙasar Saliyo, kuma a can bakin teku ya sami mai faɗa masa kalmomin.

Yadda aka yi ɗan Muniyo ya kai Saliyo ba ɓoyayyen abu ba ne. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen masu fataucin mutane a teku, suna sauke waɗanda suka ƙwato a Firitawun. Kafin a jima garin ya cika da Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa da Barebari, kowa da bakinsa. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta buɗe Fourah Bay a 1827 don ta horar da malamai da masu wa'azi daga cikin waɗannan mutane. Ɗalibinta na farko, Samuel Ajayi Crowther, shi kansa daga jirgin bayi aka sauke shi. A 1876 aka haɗa kwalejin da Jami'ar Durham ta Ingila, ɗalibanta suka fara samun digiri. Babu makarantar boko mai zurfi da ta girme ta a Afirka ta Yamma, kuma ta coci ce tun daga tushe.

Koelle ya isa can a 1847. Aikinsa na haƙuri ne. Zai zaunar da mutum, ya tambaye shi kalma ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Amma kafin kalmomin sai ya tambaye shi sunan garinsu, da garuruwan da ke kewaye, da tafiyar kwana nawa ce daga can zuwa babban birni, da yadda aka kama shi, da hannu nawa ya bi, da shekara nawa rabonsa da gida, da kuma ko mutanen ƙasarsu nawa ne a Saliyo. Waɗannan gajerun bayanai da ya sa a gaban littafin sun zama abin da masu binciken cinikin bayi ke komawa kansa har gobe, domin a nan ne ake jin ta bakin wanda aka sayar, ba ta bakin wanda ya sayar ba.

Babban malaminsa na Barbarci shi ne Ali Eisami, ɗan wani malami daga ƙasar Gazir ta Barno. An kama shi a cikin rikicin da ya biyo bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, aka ratsa da shi ƙasar Hausa zuwa ƙasar Yarbawa, aka sa shi a jirgi, ya sauka Saliyo a 1818. Da bakinsa Koelle ya rubuta nahawun Barbarci da littafin tatsuniyoyi da karin magana da labaran tarihi, duk a 1854.

Kada wani ya ɗauka da zuwan mishan aka fara rubuta tarihi a yankin Barno da ƙasar Hausa. Tun wajen 1570 da 'yan kai Ahmad ibn Furtu, limamin Mai Idris Alauma, ya rubuta yaƙe-yaƙen ubangidansa da Larabci. Sarakunan Barno suna da jerin sunayensu a rubuce, suna kuma ba gidajen malamai takardun mahram. Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812. Abin da kwalejin coci ta ƙaro abu biyu ne: injin ɗab'i, da kunnen sauraren talaka. Malamin fada yakan rubuta sarki da yaƙinsa. Bawan da aka kora a gaban doki ba ya shiga takarda. Su ma 'yan mishan ba don son tarihi suka saurare shi ba, kuma ba su ɓoye ba: suna neman harshen da za su fassara Littafi Mai Tsarki da shi, su yi wa'azi. Niyyar ta addini ce. Abin da ya fito daga cikinta ya wuce niyyar.

Yaron Dambanas

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Dorugu. Bahaushe ne daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, an haife shi wajen 1840. Yana yaro aka kama shi a wani hari, ya bi hannu har Kukawa. A can Bajamushen matafiyi Adolf Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852 sai suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi yamma, yaran suna tare da shi. A Disamba suka sauka Gure, inda Barth ya gana da Muniyoma Koso, suka wuce Damagaram, daga nan Katsina, Sakkwato, har Tumbuktu. A 1855 Barth ya tafi da su Turai.

A Ingila Dorugu ya zauna gidan James Frederick Schön, wani limamin CMS da ya yi aiki a Saliyo, ya kuma shiga ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Crowther. Schön ya riga ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, daga bakin Hausawan Firitawun, amma bai taɓa samun mai Hausa kamar wannan yaro ba. Dorugu yana magana, dattijon yana rubutawa: gonar mahaifinsa, ranar da aka kama su, ƙishirwar Sahara, yadda Turawa ke zaman cin abinci, tatsuniyoyin da ya ji a gida. Da wannan Hausa Schön ya ƙarfafa nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, sannan a 1885 ya buga Magana Hausa, wanda labarin rayuwar Dorugu ke ciki. Duk mai son ya ji yadda ake Hausa a ƙasar Damagaram kafin zuwan Nasara, da yadda yaron ƙauye ya kalli Landan da idonsa, can zai je. Sunan Schön ne a bangon littafin. Dorugu ya dawo Afirka, ya yi aikin tafinta, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Abin da ke ci mini rai a wannan babi shi ne, mutanen Muniyo da Damagaram sun shiga makarantar coci a matsayin abin bincike tun shekara 170 da suka wuce, amma kujerar ɗalibi ba ta zo musu ba. Bayarabe Crowther ya shiga Fourah Bay ya fito bishop. Fasto Samuel Johnson ya gama tarihin Yarbawa a 1897, Fasto Carl Reindorf ya buga na Gwalkwas da Asante a 1895, kowanne da alƙalaminsa, a kan mutanensa. Ɗan Muniyo da ɗan Damagaram sun ba da baki, wani ya riƙe alƙalami.

Ƙofar da ta rufe ta fuska biyu

Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma ba duka laifin baƙo ba ne. Iyaye Musulmi sun ƙi kai 'ya'yansu inda suke tsoron za a sauya musu addini, kuma tsoron yana da tushe, tunda sauyawar ce manufar makarantar. A Arewacin Najeriya Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, gwamnati ta riƙa hana 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Likita Walter Miller na CMS ya samu ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, amma a 1929 aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa. Wannan ɗan gari da makarantarsa ta St Bartholomew suka ba Arewa likitanta na farko, R.A.B. Dikko, da Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a can Yakubu Gowon ya tashi. Ƙaramar makaranta guda ke nan. Ana iya auna abin da aka rasa da abin da ita kaɗai ta fitar.

A ɓangaren Faransa lamarin ya bi wata hanya. Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka mai da Zinder hedkwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. Lakwal ɗinsu ta gwamnati ce, ba ruwanta da coci, kuma kaɗan ce ƙwarai. 'Yan mishan na SIM sun sauka Zinder a 1924, suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Amma masu jin Ingilishi ne a ƙasar Faransa, kwamandoji ba su sake da su ba. Su kansu kuma ba su so su horar da akawu da malaman lakwal. Burinsu mai bishara wanda zai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka gama fassarawa a 1932, ya shiga ƙauye ya yi wa'azi. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda Hausawa Kiristoci da kansu suka yi ta ƙorafi cewa mishan ta tauye 'ya'yansu daga karatun Faransanci mai kai mutum gaba. Katolika sun zo Yamai a 1931, suka fi ba da ƙarfi ga lakwal, makarantu irin su Mariama suka yi suna, iyaye Musulmi da yawa suka kai 'ya'yansu. Duk da haka ba a sami abin da ya yi kama da Fourah Bay a Nijar ba.

Shi ya sa masanan tarihin Nijar daga makarantun gwamnati suka fito. Boubou Hama ya bi ta William Ponty a Senegal, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda yau ake kira CELHTO. André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, ya buga tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971. Djibo Hamani ya rubuta na Adar da na Ayar. Maïkoréma Zakari ya buga nasa kan Mangari a 1985, daga ƙarni na 16 zuwa na 19, kuma shi ne ya fi kusantar ƙasar Gure.

Sai dai dabarar da suka yi aiki da ita tana da alaƙa da makarantun coci. Kenneth Dike, wanda ake ɗauka uban tarihin zamani a Najeriya, a Fourah Bay ya yi digirinsa na farko kafin ya wuce Aberdeen da Landan. Littafinsa na 1956 kan ciniki da siyasa a bakin kogin Kwara ya kafa hujjar cewa tarihin Afirka na 'yan Afirka ne, ba labarin Turawan da suka zo ba, shi ne kuma ya kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta Najeriya. Jan Vansina, wanda ya tsara ƙa'idojin tantance labarin baka a littafinsa na 1961, ɗalibin Jami'ar Katolika ta Luven ne a Beljiyam, ya kuma koyar a Lovanium ta Kwango da cocin Katolika ta kafa a 1954. Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso a makarantun mishan ya fara. Hanya ta kuma juya: H.F.C. Smith, Baturen da ya kafa sashen tarihi a Zariya a 1962, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa labarin Ali Eisami sharhi a 1967. Abin da limamin coci ya rubuta a Firitawun ya dawo hannun malamin da ya horar da masanin tarihi Yusufu Bala Usman.

Idan ɗan Garazu ya ci bak

Alakos ƙaramar hukuma ce ta karkara a arewacin gundumar Gure, tsakanin Kutus da Damargu, babban garinta Garazu. Ƙasa ce ta ƙarancin ruwan sama, Dagira na noma gero, Buzaye da Fulani da Tubawa na kiwo. Daga Gure zuwa Zinder kimanin kilomita 160 ne, kuma kafin yaro ya kai Gure ma sai ya sha rairayi. Wanda ya tsallake firamare da kwaleji da lise har ya ci bak daga irin wannan wuri ya riga ya yi abin a yaba masa. Mafi kusa da shi ita ce jami'ar gwamnati ta Zinder, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, sai ta Abdou Moumouni a Yamai, sai Jami'ar Musulunci ta Say da ta fara aiki a 1986.

Jami'o'in coci suna ƙetaren iyaka. Bishop-bishop na Katolika sun kafa jami'ar UCAO a 2000, da rassa a Abijan da Bobo-Julaso da Bamako da Kwatano da Lome. Jami'ar Katolika ta Yawunde a Kamaru ta buɗe a 1991, tsangayarta ta ilimin zamantakewa da gudanarwa ta yi suna a ƙasashen renon Faransa. A Najeriya biyu daga cikin jami'o'i uku masu zaman kansu da aka fara ba lasisi a 1999 na coci ne, Babcock da Madonna. A 2005 cocin ECWA, wadda ta fito daga SIM, ta buɗe Jami'ar Bingham a Karu kusa da Abuja, da sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SIM. Ƙungiyar da ta ƙi koyar da boko mai zurfi a Tsibiri, yau 'yarta na koyar da ilimin zamantakewa da siyasa da tattalin arziki. A 2005 ɗin ne Musulmin Katsina suka kafa tasu, wadda yanzu ake kira Al-Qalam.

Me ɗalibi zai tarar a irin waɗannan makarantu? Aji ba cunkoso, zangon karatu na ƙarewa a kan lokaci ba yajin aiki, ɗakin karatu a buɗe. Kuɗi kuma mai yawa, wanda manomin gero ba zai iya ba in ba a sami mai ɗaukar nauyi ba. Akwai dokokin addini: a wasu jami'o'in Najeriya halartar sujada dole ce, a Babcock ta 'yan Adventist ranar Asabar ba darasi, ɗakin cin abinci ba nama. Na Katolika a ƙasashen renon Faransa sun saba da ɗalibai Musulmi masu yawa, a Bamako ma su ne ke cika aji. Uban da ya tambayi inda ɗansa zai yi salla kafin ya sa hannu ya yi daidai, kuma makarantar da ba ta da amsa mai kyau ba ta cancanci yaron ba.

Amma a fannin tarihi akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma ita ta shafi Say da Al-Qalam kamar yadda ta shafi Bingham. Ko malamin zai bar ɗalibi ya sa takardun gidansu a ma'auni? Wasiƙun 'yan mishan cike suke da raini ga Musulunci da al'adun Maguzawa, kamar yadda rahotannin kwamandoji ke cike da raini ga kowa. Jami'ar coci mai mutunci ita ce wadda za ta ajiye wasiƙar Miller a gaban ɗalibi ta ce ya nemo inda son rai ya rinjayi marubucin. Jami'ar Musulunci mai mutunci ita ce wadda za ta bar shi ya karanta wasiƙun Shehu al-Kanemi da na Muhammadu Bello kan halaccin yaƙar Barno, ya saurari ɓangarorin biyu, ya kuma karanta Ali Eisami, Musulmi ɗan malami da wannan yaƙi ya kai kasuwar bayi. A ganina inda aka yarda da wannan, sunan wanda ya gina makarantar ba zai cuci yaro ba.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe a Zinder, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kama Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu a kwana biyu, makarantun Kiristoci ma ba su tsira ba. Ɓacin ran na gaskiya ne, amma waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su suka yi zanen ba, 'yan ƙasa ne, wasunsu jikokin Hausawan da suka karɓi Kiristanci tun zamanin kakanni. Na tabbata da yawan matasan da suka fita ran nan ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su labarin yadda maƙwabtan nan suka samo asali, balle na Dorugu. Wannan giɓi na darasin tarihi ne, kuma Musulmi da Kirista duka suna biyan kuɗinsa.

Aikin da ke jiran ɗan Alakos, ko daga ina ya samo horo, a bayyane yake. Tafinta Moïse Landeroin na ayarin Faransawa na Tilho ya zaga gabashin Nijar tsakanin 1906 da 1909 yana rubuta abin da fadawa suka faɗa masa kan Muniyo da Damagaram, kuma har yau ana jingina da shi, alhali da kunnen mai mulki ya saurara. Rahotannin kwamandojin Gure suna ma'ajiyar takardu ta Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Sai wani ya ɗauko su ya kai gaban dattawan Garazu, ya karanta musu, ya ji inda za su ce ba haka aka yi ba: asalin Dagira da yadda suka zauna da Buzaye, wa ya gina wace rijiya kuma wa ke da hakkin shayarwa a cikinta, haraji nawa aka kai wa wane sarki, su wa suka tashi a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba su dawo ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da girmansu yanzu sun haura saba'in, waɗanda suka rasa garkensu a yunwar El-Buhari ta 1984 suna biye da su, kuma yawancin abin da suka sani da Barbarci da Hausa da Buzanci yake, ba wanda ya ɗauka a faifai.